Alkama ce take kankare hanji, ko hanjin ne mai rauni? Amsa kan cutar siliyak

"Assalamu alaikum, Likita. 'Yata mai shekara takwas ta daɗe tana fama da kumburin ciki da ƙarancin jini, kuma ba ta girma kamar tsaranta. An yi ta ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, ba a ga canji ba. Daga baya aka yi mata gwajin jini, aka kuma zura mata na'ura ta baki aka ɗebo ɗan gutsuren hanji, sai aka ce tana da cutar siliyak, wai fatar cikin hanjinta ta goge, kada ta ƙara cin alkama har abada. Abin da ban gane ba shi ne, alkamar ce take kankare hanjin, ko dama hanjin nata ne mai rauni? Zai koma daidai kuwa? Yau wata huɗu da ta daina ci, ta samu sauƙi sosai, to ɗan burodi jefi-jefi zai cutar da ita? Sannan ina ganin masu tallar maganin toshe yoyon hanji a intanet, in saya mata?" — Wata uwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Tambayoyinki huɗu ne, amma duk suna komawa ga guda ɗaya, wato wace rawa shimfiɗar cikin hanji take takawa a wannan cuta. Idan wannan ya fito fili, sauran ukun za su amsa kansu. A gajarce, alkama ba ta kankare hanji yadda soso yake kankare tukunya, kuma ba a haifi 'yarki da ruɓaɓɓen hanji ba. Garkuwar jikinta ce take lalata shimfiɗar duk lokacin da wani sinadari na alkama ya iso wurin, ita kuma shimfiɗar, kamar yadda bincike ya ƙara nunawa a 'yan shekarun nan, tana da hannu a abin da yake samunta.

Yadda shimfiɗar take kafin ta lalace

Ƙaramin hanji shi ne wurin da jiki yake tsotse amfanin abinci. Cikinsa ba sumul yake ba kamar cikin tiyo. Yana da naɗe-naɗe, a kan naɗe-naɗen kuma akwai miliyoyin 'yan tsiro masu kama da gashin karammiski, kowanne tsawonsa bai wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba. Zan riƙa kiransu gashin hanji don sauƙin bayani. Duk wadda ta taɓa wanke tumbin saniya ta san ɓangaren nan mai kama da tawul. Ba abu ɗaya ba ne da wanda nake magana a kai, amma hikimar ɗaya ce, a ƙara faɗin wuri ba tare da an ƙara girman ciki ba. Da za a baje shimfiɗar ƙaramin hanjin babban mutum, za ta rufe fili na kimanin murabba'in mita 30.

Abin da ya lulluɓe wannan gashi layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta, jere kafaɗa da kafaɗa, an ɗinke tsakaninsu da wasu sinadaran furotin da suke hana abu ya ratsa ta gefe. Layi ɗayan nan shi ne kaɗai ya raba abin da aka haɗiye da jinin mutum. Aikinsa biyu ne masu karo da juna: ya shigar da abinci, ya kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Saboda wahalar aikin, ƙwayoyin ba sa daɗewa. A gindin gashin akwai 'yan ramuka inda ake haifar sababbi, su riƙa hawa sama suna ƙosawa, su kai tsini su faɗi, duk cikin kwana uku zuwa biyar. Ki riƙe wannan, domin a nan ne amsar tambayarki ta warkewa take. Ƙarƙashin layin kuma, da ma a tsakanin ƙwayoyinsa, dakarun garkuwar jiki ne jibge, waɗanda a mai lafiya an hore su su ga abinci su kau da kai.

Tafiyar gulutin daga faranti zuwa cikin bangon hanji

Sinadarin da ake magana a kai sunansa gulutin. Shi ne yake ba kwaɓin fulawa danƙon nan da yake sa ya miƙe idan an ja shi, yana kuma cikin sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai. Wanda ya fara tabbatar da alaƙarsa da cutar shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Ya daɗe yana zargin alkama, sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta ƙarfafa masa zato: da burodi ya yanke, yaran da ke da cutar suka farfaɗo, da ya dawo suka koma gidan jiya. Ya rubuta wannan a kundin digirinsa a 1950. Kafin nan likitoci sun san alamomin cutar tun bayanin da Samuel Gee ya yi a Landan a 1888, amma ba su san sanadi ba, ba su kuma ga abin da ke faruwa a shimfiɗar hanji ba sai a 1954, da John Paulley ya nuna gogewar gashin a gutsuren da aka yanko lokacin tiyata.

Gulutin yana da wuyar narkewa ga kowa, mai cutar da marar ita. Ginin sa cike yake da wasu tubala biyu, furolin da gulutamin, waɗanda sinadaran narkar da abinci na ciki da hanji ba su iya yanka su da kyau, saboda haka wasu dogayen gutsattsari suke isa ƙaramin hanji yadda suke. A 2002 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana ɗaya daga cikinsu mai tubali 33, wanda ya yi fice wajen tayar da garkuwar jiki. A wajen yawancin mutane waɗannan gutsattsari wucewa suke yi su fita da bayan gida, babu abin da ya faru.

A mai siliyak abubuwa biyu ne suke haɗuwa. Na farko gado ne. Kusan duk mai cutar yana ɗauke da ɗaya daga cikin alamomin gado biyu da ake kira HLA-DQ2 da HLA-DQ8. Waɗannan wasu 'yan mazubai ne a jikin ƙwayoyin garkuwa, da su suke ɗaukar gutsuren baƙon abu su nuna wa dakarun da ake kira ƙwayoyin T, kamar a ce ga wanda muka kama, ku duba ko abokin gaba ne. Na biyu wani sinadari ne na jikin mutum kansa, taransgulutaminas, wanda aikinsa na asali gyaran nama ne idan ya samu rauni. Idan gutsuren gulutin ya ratsa shimfiɗa ya same shi, sai ya ɗan sauya masa fasali, sauyin da yake sa gutsuren ya zauna daram a cikin mazubin DQ2 ko DQ8. Daga nan ƙwayoyin T su ɗauka an kawo hari, su saki sinadaran kumburi, su kuma sa a fara ƙera makaman garkuwa, ba a kan gulutin kaɗai ba, har a kan taransgulutaminas ɗin kansa. Masu bincike a Balin ta Jamus ne suka gano a 1997 cewa taransgulutaminas ne makaman suke kai wa hari, kuma waɗannan makaman ne aka nema a jinin 'yarki.

Gado kaɗai ba ya isa. A ƙasashen Turai kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da waɗannan alamomi, yana cin burodi safe da yamma, amma 'yan kaɗan ne cikinsu suke kamuwa, kuma cutar a duniya tana kewayen mutum ɗaya cikin ɗari. Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai abin da yake kunna wutar a wasu ya bar wasu. Ana zargin wasu cututtukan hanji na ƙuruciya, da yawan gulutin da yaro yake ci a shekarunsa na farko, da irin ƙwayoyin bakteriyar da suke zaune a hanji. Wannan shi ne abin da ya mayar da hankalin masu bincike kan shimfiɗar kanta.

Da ɗan gari akan ci gari

Lokacin da nake ɗalibi, yadda aka koya mana shi ne shimfiɗar hanji katanga ce kawai, faɗa ya ɓarke a bayanta, tarkace ya rushe ta. Yanzu an san ba haka abin yake ba, kuma a wurare uku ake ganin hannunta.

Na farko shi ne shigar da gulutin. Gutsure mai tubali 33 ya fi ƙarfin ya silale haka nan, sai an buɗe masa hanya. Hanya ɗaya ita ce tsakanin ƙwayoyi, idan ɗinkin da ya haɗa su ya saki. A shekarar 2000 Alessio Fasano da abokan aikinsa suka bayyana wani sinadari da suka sa wa suna zonulin, suka ce shi ne yake kwance ɗinkin, kuma wannan ya ƙara yaɗa maganar yoyon hanji a duniya. Hanya ta biyu ta fi ba ni mamaki, domin ta cikin ƙwayoyin ne kansu. Masu bincike a Faris sun nuna a 2008 cewa a mai siliyak, wasu makaman garkuwa da ke cikin hanji suna kama gutsuren gulutin, ƙwayar shimfiɗa kuma ta karɓe su gaba ɗaya ta wata ƙofa da ta bayyana a fuskarta, ta miƙa su ciki ba tare da ta narkar da su ba. Wato mai gadi ne yake rako baƙon har tsakar gida.

Na biyu shi ne kururuwa. Ƙwayar shimfiɗa da ta shiga matsi tana fitar da wani sinadarin kira mai suna IL-15, tana kuma kafa wasu alamomi a jikinta masu nuna cewa ba ta da lafiya. Dakarun da suke zaune a tsakanin ƙwayoyin shimfiɗa, waɗanda a da ba ruwansu da kowa, idan suka ji wannan kira tare da saƙon da ke fitowa daga ƙwayoyin T na ƙasa, sai su rikiɗe su zama makasa, su riƙa kashe ƙwayoyin da suke maƙwabtaka da su. Wannan ne ainihin abin da yake cinye gashin hanji. Shi ya sa likitan da ya duba gutsuren hanjin 'yarki a madubin ƙara girma ya fara da ƙirga waɗannan dakaru. Idan sun wuce 25 a kowace ƙwayar shimfiɗa 100, alamar farko ke nan.

Na uku shi ne mafi sabunta. A 2024 wata tawaga a jami'ar McMaster ta Kanada, ƙarƙashin Elena Verdu, ta nuna cewa ƙwayoyin shimfiɗa da kansu suna iya fito da mazubin DQ2 a jikinsu idan akwai kumburi, su ɗauki gutsuren gulutin su nuna wa ƙwayoyin T kai tsaye, su tayar da su. Sun yi aikin ne da gutsuren hanjin marasa lafiya, da ɓeraye masu ɗauke da alamar gadon ɗan Adam, da kuma 'yan ƙananan hanji da aka raina a ɗakin gwaji. Sun kuma ga cewa abin ya fi tsanani idan wata bakteriya ta riga ta taɓa gulutin ɗin. Aiki ne na ɗakin gwaji, bai zama magani ba, kuma ina faɗa wa ɗalibaina kada su yi masa ƙarin gishiri. Amma ya canja yadda muke kallon cutar, domin shimfiɗar da ake kashewa tana cikin masu kai ƙara.

Idan kashe-kashen ya yi yawa, ramukan gindi sukan ƙara himma su yi ta haifar sababbin ƙwayoyi, har su zurfafa, amma ba sa cim ma asarar. Gashin ya gajarce, ya dakushe, daga ƙarshe wurin ya zama fili. Michael Marsh ya tsara waɗannan matakai a 1992, kuma idan kika duba takardar sakamakon 'yarki, mai yiwuwa za ki ga sunansa da lamba a gefe. Lamba 3 ita ce gogewar gashi.

Daga nan alamomin da kika lissafa suke fitowa. Ɓarnar ta fi tsanani a farkon ƙaramin hanji, daidai inda jiki yake tsotsar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi, da kalsiyam na ƙashi, da bitamin folet. Shi ya sa maganin ƙarin jini bai yi mata aiki ba, ana zubawa ne a wurin da ba mai karɓa. Sinadarin da yake narkar da sukarin madara a fuskar ƙwayoyin da suka ƙosa yake zama, to idan babu su madara takan kumbura ciki, abin da yawanci yakan wuce bayan hanji ya warke. Wasu kuma ba sa gudawa ko kaɗan, saboda ƙarshen hanji yana rufa wa farkonsa asiri. Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta haura shekara arba'in, wadda ba ta taɓa kukan ciki ba, abin da ya kawo ta ƙarancin jini ne da ya ƙi jin magani tun tana budurwa, da ɓarin ciki sau da dama. Gutsuren hanjinta ya fito sumul.

A nan dole in faɗi wani abu da ya shafi yankinmu. Gogewar gashin hanji ba siliyak kaɗai take kawo ta ba. Tamowa tana kawo ta, ƙwayar jiyadiya da ake samu a gurɓataccen ruwa tana kawo ta, haka nan yawan haɗiyar ƙwayoyin cuta daga muhalli marar tsabta yana dakushe gashin hanjin yara da yawa a ƙasashe masu zafi. Don haka ba na yarda da gutsuren hanji shi kaɗai, sai ya zo tare da gwajin jini, kuma na ji daɗi da kika ce an yi mata duka biyun. A ɗaya ɓangaren kuma, tsohon zancen cewa siliyak cutar Turawa ce ya faɗi tun 1999, lokacin da Carlo Catassi ya gwada yaran Saharawi, wato mutanen Yammacin Sahara, a sansanonin gudun hijira na Aljeriya ya samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da ita, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Mu ma da burodi da taliya suka zama abincin yau da kullum a biranenmu, ya kamata mu riƙa tunawa da ita.

Warkewa, burodi da maganin intanet

Zai koma daidai, in sha Allahu, kuma dalilin shi ne ramukan nan na gindi ba sa mutuwa. Da zarar gulutin ya daina zuwa, dakaru su lafa, sababbin ƙwayoyi su samu damar hawa su sake gina gashin. Yara sun fi saurin warkewa, akasarinsu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Manya sukan ja lokaci: wani bincike na asibitin Mayo a Amurka a 2010 ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal hanjinsu ya koma daidai bayan shekara biyu, kashi biyu cikin uku bayan shekara biyar. Abin da ba ya warkewa shi ne tunanin garkuwar jiki. Ƙwayoyin T da suka san gulutin suna nan kwance shekara da shekaru, kuma cikin sa'o'i kaɗan suke farkawa idan ya dawo.

Saboda haka amsar ɗan burodi jefi-jefi ita ce a'a, kuma wannan ne wurin da na fi yin gardama da iyaye. Sauƙin da kike gani a wata huɗu gaskiya ne, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin alamomi suna riga shimfiɗa warkewa da watanni masu yawa. Catassi ɗin nan ya gwada a 2007, ya ba masu cutar miligiram 50 na gulutin kullum har kwana 90, aka ga ɓarna a gashin hanjinsu. Yankan burodi ɗaya yana ɗauke da wajen giram 2, wato abin da ya yi ɓarnar bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na yanka guda ba. Mafi haɗari kuma shi ne yaro ya ci bai ji komai ba, uwa ta ɗauka an wuce wurin, alhali ɓarnar tana gudana shiru, ta bayyana daga baya a gajartar tsayi, jinkirin balaga da raunin ƙashi. A manya da suka shekara da shekaru ba su kiyaye ba akwai ƙarin haɗarin wata sankarar hanji, ko da yake ba kasafai take faruwa ba.

Maganin toshe yoyon hanji kada ki saya. Sakin ɗinkin shimfiɗa abu ne na gaske a siliyak, sai dai har yau masana suna muhawara kan ko shi ne yake fara buɗe ƙofa ko kumburin ne yake haifar da shi, kuma kin ga ba ita ce kaɗai hanyar da gulutin yake shiga ba. An ƙera magani na musamman don ƙara ɗaure ɗinkin, larazotayid, ya kai matakin gwaji na uku, aka dakatar da gwajin a 2022 saboda bai nuna amfanin da ake nema ba. Idan wanda aka kashe masa shekaru da dukiya bai kai labari ba, ban ga dalilin amincewa da garin da ake tallarsa a Facebook ba, balle ma ba a san abin da aka cakuɗa a ciki ba. Akwai wani maganin da ake gwadawa mai toshe aikin taransgulutaminas, wanda sakamakonsa na 2021 ya ba da ƙwarin gwiwa, amma bai fito kasuwa ba.

Sa'ar da muke da ita ita ce abincinmu na asali babu gulutin a ciki: gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa. Burodi, taliya, gurasa, funkaso, alkaki, fanke, cincin da tuwon semo kowa ya san na alkama ne. Waɗanda suke kayar da majinyatana su ne na ɓoye: ɗanwake da aka haɗa garinsa da fulawa, waina ko ƙosan kasuwa da aka ƙara wa fulawa don auki, man da aka soya fanke a ciki aka sake soya dankali, lemon malt da ake yi da sha'ir, da wasu dunƙulen miya da ya kamata a karanta jikin kwalinsu. Sai kuma injin niƙa. Wani yaro da nake dubawa ya shekara gwajin jininsa bai sauka ba duk da kiyayewar mahaifiyarsa, sai da muka bi abincinsa ɗaya bayan ɗaya muka gano cewa injin unguwarsu yana niƙa alkama kafin dawarsu. Da suka koma inda ba a niƙa alkama, lambar ta fara sauka a gwaji na gaba.

Ban ga 'yarki ba, ban kuma ga takardunta ba, saboda haka likitan da yake riƙe da ita shi ne zai yanke hukunci kan ƙarin sinadarin ƙarfe, bitamin D da lokacin maimaita gwaji. Abin da na saba yi shi ne in sake auna makaman garkuwar a jini bayan wata shida, sannan bayan shekara, ina kuma rubuta tsayi da nauyi a kowace zuwa, domin a yaro girma shi ne shaidar da ta fi kowace nuna cewa gashin hanji ya dawo aiki. Ki kuma roƙi likitan ya gwada 'yan'uwanta, da ke kanki, da mahaifinta, ko da ba wanda yake kukan komai, tunda kusan ɗaya cikin goma na dangi na kusa sukan fito da cutar. Kada kowa a cikinku ya daina cin alkama kafin a ɗebi jinin, domin idan aka daina, makaman sukan ragu a jini, gwajin ya fito babu komai alhali akwai.